Ƙwallayen Zaitun

A Hakil, can saman duwatsun Lebanon,
in ƙanƙara ta toshe hanyar coci,
kakana Taniyos kan jawo fitila,
ya zube ƙwallayen zaitun bisa tebur.
Ƙwallo ɗaya, shekara ɗari.
Abin da ya yi saura, a cike da ƙwayar alkama.

Adamu, ɗari da talatin, sai Shitu.
Shitu, ɗari da biyar, sai Enosh.
Bai damu da tsawon ran mutum ba.
Shekarar da ya zama uba, nan yake ƙulli,
ya miƙa wa na gaba bakin zare.
Yared, Anuhu, Metusela mai nisan kwana,
har ruwa ya ci duniya a idon Nuhu:
dubu da ɗari shida da hamsin da shida.
Ya ce, "Nuhad, rubuta."
Na rubuta, yatsuna na rawar ɗari.

Daga jirgi zuwa Ibrahim,
daga Ibrahim zuwa sarakuna, zuwa mu,
ƙwallo sittin, ko da ɗan ɗoriya.
Duniya da tsufanta kaf
ta shige kwano ɗaya, har da sauran wuri.

Ran Talata Fada Sim'an ya hawo da nasa littafin,
na Girkanci, mai warin rumbu.
A nasa, sai da Adamu ya ƙara ɗari kafin Shitu.
Shitu ma haka. Enosh ma haka.
Tsofaffi biyu suka yi ta buga tebur,
ƙwallaye suka ƙare,
dole aka buɗe sabon tulu, suka ci zaitun suna musu.

Kakata Wadi'a tana murza kullu, ko juyowa ba ta yi ba:
"Maza goma kun jera, kowa ya haifa.
Da wa?
Wata tara-tara ɗin nan, a kwanon wa kuka zuba?"

Da bazara kawu Sarkis ya tsaga dutse a bayan gida,
dutsen ya buɗe kamar littafi:
kifi, da ƙayarsa, da ramin idonsa,
kwance a inda ko rijiya sai an wahala.
Wata malama daga Beirut ta duba da gilashi,
ta ce wajen shekara miliyan ɗari.
Kaka ya ce, "Ruwan Nuhu ne ya baro shi."
Ya ɗauke shi ya danne takardunsa da shi,
don kada iska ta kwashe lissafi.

Ni ce na ɓata daren.
A bangon littafin akwai namu jerin,
da tawadar mutum huɗu.
Butros, sai Ilyas, sai Taniyos.
Na ce, "Kaka, Butros ya haura tamanin ya haifi Ilyas?"

Fitila ta yi ta cin mai.

Can ya ce, "Akwai Jabbur a tsakani.
Ya sayar da gonar inabi ya hau jirgin Brazil,
ya bar yaro a zanin goyo.
Ubana ya kankare shi da wuƙa."
Na kara takardar a haske. Ga gurbin, ya yi sirara.

"To ɗa yana iya zama jika ke nan?"
Bai amsa ba.
Ya zaro ƙwallo ɗaya daga aljihu,
bai jefa a kwano ba,
ya ajiye shi gefe, kusa da kifin.

Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa.
Kwanon na wurina, sittin cif, na ƙirga.
Na gefen ne ban san inda zan sa ba.
A shafin ƙarshe, ƙasan Nuhu da Ibrahim,
da rubutunsa mai karkata:
Taniyos, ashirin da bakwai, sai Fu'ad.
Ƙarƙashinsa wani hannu, da fensir,
da tabon kullu a gefe:
"da Wadi'a."