Jimar Zuciya

Ran da na ce wa Baba halayyar ɗan Adam zan karanta,
ya ajiye basilla, ya dube ni ta saman tabarau:
"Hali zanen dutse ne, Gambo.
Shekara uku za mu biya kuɗi ka je kallon dutse?"
Rumfar dukawa ta kwashe da dariya
har Malam Yerima ya ƙware da shayi.

Duk da haka na hau moto zuwa Kongola,
littafi biyu a jaka da biro mai yoyo.
Muka haye Mayo Kaliyaw, rairayi fari fat,
kogin Marwa mai ɓoye ruwansa a ƙasa,
sai mai haƙuri ya tona da ƙwarya ya sha.

Shekarar fari kaina ya kumbura.
Mu ɗari uku a zaure, fanka ɗaya ke juyi,
malam na kwararo Faransanci kamar ruwan Agusta,
ni ina tara da cokali.
Na ji labarin karen da ƙararrawa ke sa wa dalala,
na dawo gida ina auna kowa:
Inna mai ƙirga tukwane sau biyu kafin ta kwanta,
ƙanwata Barira mai cin farce,
har akuyar maƙwabta na laƙa wa ciwo.
Inna ta ce, "Likitan mahaukata,
zo ɗauki tuwonka kafin ya huce."

Ta biyu lissafi ya shaƙe ni.
Wa ya taɓa gaya mini zuciya na da alƙaluma?
Na faɗi, na sake, na tsallake da ƙyar.

A ta uku aka kai mu asibiti koyon aiki.
Madam Dudu ta tsaya a bakin ƙofa:
"Ku rufe littafi. Ku rufe baki.
Kunne kaɗai na ce ku zo da shi."
Aka ba ni wata tsohuwa daga wajen Mora,
da dare ta gudo, tabarma ɗaya, jika ɗaya.
Ba ta jin Faransanci, Fulatancina gurgu,
muka haɗu a Hausar kasuwa.
Minti arba'in, abin da ta ce ke nan:
"Ɗana, ƙofar can, a bar ta a buɗe."
Na laluba duk babin da na haddace,
babu inda maganar ta zauna.
Na tashi na buɗe.
Ta sauke numfashi.
Aikin ranar ke nan.

Da la'asar na biya ta rumfar Baba,
warin bagaruwa da fatar akuya.
A ranar na ga abin da na daɗe ina kallo:
ba ya ba titi baya,
in taya ta fashe a bakin kasuwa
basillar kan daskare a hannunsa
har mutum ya ƙirga goma.
Tun ran da yayana Sali ya tafi sayen zare,
kasuwa ta yi ƙara,
aka dawo mana da takalmi ɗaya.

Abin yana da suna a littafi.
Na san shafin.
Sha shida bisa ashirin na ci a kansa.
Na haɗiye shi.

Na ja benci na zauna
tsakaninsa da hayaniyar titi.
Ya miƙo mini gefen fata:
"Riƙe nan. Kar ka ja, za ta yage.
Fata ba ta son gaggawa.
A jiƙa, a bari, a dawo."

Muka yi shiru har inuwar darbejiya ta haye kwata,
har ladan ya gyara murya.
Yana naɗe kaya, bai dube ni ba, ya ce,
"Dutsen naka, ya fara magana?"

Na ce, "Kaɗan-kaɗan, Baba."

Ya ce, "To.
Gobe ka zo da wuri."