Gyaran Murya

Mahaifina, Eleuterio, mai gyaran sikeli
a kasuwar kifi ta Valparaíso,
bai taɓa katse wa kowa hanzari da baki ba.
Yana da wata 'yar ƙara can ƙasan maƙogwaro,
kamar an ja kujera a benen sama,
da ita yake ƙwanƙwasa ƙofar zance.

Iri uku na san mata.
Akwai gajeriya, ta kan tebur,
idan Gwaggo Herminia ta shiga lissafin bashin maƙwabta
har miya ta huce a kwano.
Akwai mai kauri, ta kasuwa,
idan mai kifi ya ɗora babban yatsa kan sikeli
yana kallon teku kamar bai san zancen ba.
Baba ba ya cewa ɓarawo.
Ya dai gyara murya,
yatsan ya sauka da kansa.

Ta ukun tawa ce.
Bakin ƙofar ɗakina, dare ya raba,
jiragen ruwa na kiran juna a tasha,
sai ya tsaya, bai shiga ba, bai wuce ba,
ya yi ta sau biyu, a hankali.
Shekara da shekaru ina zaton
cewa yake in kashe fitila.

A sanyin da ruwan sama ya ci matakalar unguwarmu
likita ya yanke abin da ke cin wuyansa,
ya haɗa da ƙarar, ya tafi da ita.
Aka ba shi ɗan littafi da fensir.
Ya rubuta: gishiri.
Ya rubuta: taga.
Ya gwada buga cokali a gefen kofi,
amma cokali ba shi da kunya,
umarni yake bayarwa,
shi kuwa Baba izini ya saba nema.
Ya mayar da shi aljihun tebur.
Gwaggo ta yi ta zuba, ba mai tare ta,
har wata rana ta tsaya a tsakiyar magana
tana duban wuyansa, tana jira.

Mun binne shi a tudun da ke fuskantar ruwa.
Sikeli bakwai ya bari, biyu ba a gama ba.

Jiya a zauren makarantar unguwa
wani Baldomero Quilodrán daga ofishin magajin gari
ya baje taswira, ya yi minti arba'in
yana gina mana matakala da fatar baki.
Tsohuwa Nélida na gefe da sandarta,
ita da ta karye a ƙugu a wurin.
Na ɗaga hannu, bai gani ba.
Na sauke.

Sai abin ya fito, ban kira shi ba.
Kujerar nan aka ja, a cikin ƙirjina,
mai kaurin, ta kasuwa.
Mutum talatin suka juyo.
Tsoho Fermín mai kifi, can layin baya,
ya janye hannunsa daga kan benci
bai ma san ya yi ba.

Ban shirya komai ba.
Na ce, mataki na arba'in da ɗaya, babu shi,
shekara huɗu ke nan.
Ɗakin ya yi tsit har aka ji tsuntsun teku a kan rufi.
Baldomero ya laluba aljihu yana neman biro.

Da na hawo gida, na tsallake gurbin kamar kullum,
na tarar da haske a ƙarƙashin ƙofar 'yata.
Magana cike da bakina,
ban san ta inda zan kamo ta ba.
Ban shiga ba, ban wuce ba.
Na yi ta sau biyu, a hankali.

Daga ciki Ximena ta ce,
yanzu zan kashe, Mama.