Kuɗin Kwanon Taliya

A Bandung, ruwa na dukan rufin kwano.
Euis da Cecep sun ajiye waya a tsakaninsu
kamar gadon da aka kasa rabawa.

Shekara uku tana zana wasan nan,
wani kifi mai neman hanyar teku,
har idonta ya nemi tabarau.
Ta ce rupiya dubu arba'in.
Ya ce, "Kin san abin da ɗan acaɓa
ke tarawa kafin azahar?"

"Mai kantin manhaja zai yanki nasa
tun kuɗin bai huce ba.
Ga haya, ga wuta,
ga makaɗin da muke ta ce wa sai gobe."

"To ki bayar kyauta.
Ki sa ƙofa a mataki na tara, makullin na kuɗi."

Ta tuna ɗan maƙwabta
da ya kwashe kuɗin maganin kakarsa
ya sayi takobin da ba ya yanka ko albasa.
"Ba na haƙa rami in rufe da tabarma."

"A Tokyo kuɗin shayi ne fa," in ji Cecep.
"A nan abincin yini ne," in ji ta.
Sai suka ga sun yi musayar baki.

Ruwa ya tsagaita.
Mai taliya ya buga katako a lungu.
"Nawa kwano yau?"
"Sha takwas."

Euis ta ɗauki wayar,
yatsanta ya tsaya a kan lambar.
Kifin na ta iyo abinsa,
bai san ana cinikinsa ba.