Igiya Mai Ƙulli Tara

A Alaba Rago, bayan rumfar albasa,
Haladu ya jera wasa tara a tikiti guda.
Ɗari biyar ya zuba,
kowane wasa na ninka ribar na gabansa
har lissafi ya hau dubu ɗari huɗu.

Igiya ce mai ƙulli tara,
ɗaya ya kwance, guga ya tafi rijiya.

Takwas sun shigo.
Har ya sayi babur a zuci,
ya zaɓi ja.

Na tara, minti casa'in,
wani yaron da bai san Legas ba
ya doki turke.

Haladu ya sakace haƙori da tikitin,
ya ce, "Saura ƙiris."
Mai shago ya murmusa.
Da saura ƙiris ya gina bene a Agege.