Ɗan Daji

Tanimu ya ce, "Kai ka shiga daji."
Ba don na iya ba.
Kowa ya riga ya kama hanyarsa,
ni na zo a makare, cajina saura sha bakwai.

Hanya uku ce a taswira,
ba ni da ko ɗaya.
Rabona duhu da ciyawa
da dodannin da ke dawowa bayan an kashe su
kamar kuɗin haya.

Daren farko, a bencin mai shayi a Kabala,
dodon farko ya cinye ni.
Dodon da ko tafiya ba ya yi!
Bulus ya yi dariya har ya ƙware.

Sai na koyi ƙirga daƙiƙa.
Na koyi barin nama da sauran rai
in ruga, don an tare Ladidi a ƙasa.
In an ci, su ne gwanaye.
In an sha kashi, "Wai ina ɗan dajin?"

Ran Talata, cunkoso ya tsayar da mu kan gada.
Na leƙa kogi, na tuna kada:
ba ya bin kowa. Jira yake.

Da dare na laɓe a ciyawa,
na riƙe yatsa, na riƙe numfashi.
Maharbinsu ya wuce, ya dawo, ya matso.
Na afka masa.

Ba wanda ya ce sannu.
Tanimu dai ya miƙo mini cajarsa,
bai ko ɗago kai ba.