Mai Gadin Lakwal Gawo

Ni ne Nomau, mai gadi.
Shekara bakwai kujerata na bakin ƙofar nan,
bayan tashar kabu-kabu, unguwar Ali Ɗan Sofo.
Ban san baƙin boko ba,
amma na san tafiyar yaro:
wanda ya karya kumallo,
da wanda ya wanke baki kawai ya taho.

Ranar da Madam Tsahara ta buɗe lakwal
aji biyu ne da rumfar zana,
da gawo guda a tsakar fili.
Magina suka ce a sare.
Ta ce, ku fara da ni.

Ta tara iyaye a gindinsa, ta ce:
"Ku dubi itacen nan.
Da damina kowa ya yi kore, shi yana tsirara kamar matacce.
Rani ya kama, kowa ya kaɗe,
sannan shi yake fid da ganye.
Cikin ƴaƴanku akwai gawo.
Kada ku kawo mini gatari."

Alhaji Ɗan Tani mai shagon taya ya miƙe:
"Jikka goma sha biyar nake biya duk wata,
ina son in ji ɗana na nawa ne a aji."
Ta ce, "Ba mu jera yara kamar buhunan gyaɗa gaban sikeli.
Zan faɗa maka inda yake jiya,
in nuna maka inda ya kwana yau."
Ya ja hannun ɗansa ya fita.
Mutum uku suka bi shi.
Watan nan albashina ya makara, ba zan ɓoye ba.

Bulala? Akwai ta.
Ni ke riƙe da ita, ina korar awaki.

Mushe Laminu ba ya zuba jan bik a kaye.
In yaro ya kuskure lissafi
sai ya jawo benci ya zauna:
"Nuna mini hanyar da ka bi ka ɓace."
Wai kuskure sawu ne,
mai neman ɓatacce ba ya share sawu.

Ran Laraba sukan fita.
Jiratawa, suna auna fangalin zogale da igiya.
Kasuwa, suna lissafin tiya, suna juya naira zuwa sefa.
Su dawo ƙafa duk laka, baki duk tambaya.
Da Hausa ake fara karatu,
Faransanci ya iso daga baya,
baƙo ne, ya tarar an yi masa shimfiɗa.

Sai Illo.
Shekara biyu haruffa na yi masa rawa a tabulo.
Uwarsa mai tuyar ƙuli-ƙuli ta zo tana share ido da bakin gyale,
a ba ta abinta ya tafi garejin kawunsa.
Madam ta ce, ara mini rani ɗaya.
Kullum bayan la'asar,
shi da Barira ƴar aji biyar,
tsinke da ƙasa,
a share, a sake,
a share, a sake.

Ban san ranar da ƙullin ya kwance ba.
Na dai san wata safiya ya tsaya gabana,
ya ɗaga kai ga allon da ke bisa kaina,
ya karanta, harafi bayan harafi,
kamar mai tsallaka gulbi da kaya a ka.

Jarrabawar bana ashirin da uku suka zauna,
sha tara suka haye.
Madam ba ta yanka rago ba.
Sunayen huɗun nan ta sa a jaka,
ta hau kabu-kabu, gida gida.

Jiya Illo ya tsuguna kusa da kujerata,
ya ce, "Baba, kawo yatsanka."
Ya ja shi cikin rairayi:
tsaye, karkace, tsaye.
Ya ce farkon sunana ke nan.
Na daɗe ina kallo.
Da aka tashi, na hana kowa bi ta wurin.

Shekarata sittin da biyu.
Na ɗaga kai na duba:
gawo ya soma toho.