Harsashi na Biyar

Daren jiya na rufe taga,
na kashe fanka, na bar ɗakin ya yi tsit.
Gwangwanin sabon albarushi a gabana,
ƙwayoyinsa baƙaƙe, ƙanana, kamar habbatussauda.
Ban san halinsa ba, shi ma bai san nawa ba.

Tsohon, shekara tara muna tare.
Na san ranar fushinsa, na san ranar kasalarsa,
sai kamfani ya daina yin sa,
babu ko sallama.

Ƙwaya, ƙwaya, daga bakin ɗan cokali,
har allurar ma'auni ta tsaya inda littafi ya ce.
Haka Baba Haladu yake auna man wardi
a rumfarsa, cikin tsohuwar kasuwar Ɗa'ifa,
yana ce mini, "Yaro, janye hancinka,
numfashinka ma nauyi ne."

Kwanso ashirin na cika, na jera su biyar-biyar,
kowane sahu da ɗigonsa na jan alƙalami.

Bayan asuba hanya ta hau dutse,
birai a gefen titi suna jiran mai jefa burodi.
Filin harbi ba kowa sai Mish'al
da butar gahawarsa,
da tutocin iska sun langaɓe kamar wankin da aka manta.
"Ukasha, yau kuma da me ka zo?"
Na ce, "Baƙo ne. Muryarsa nake so in ji."

Na kwanta rub da ciki a kan tabarma.
Takarda can, mita ɗari uku:
a ido ɗigon tawada, a madubi faifai.
Muryar baƙon ta fi ta tsohon kauri,
kafaɗa ta karɓi gaisuwar, ta amsa.

Sahun farko ya watse kamar tsabar da aka zuba wa kaji.
Na biyu ya fara haɗa kai.
Na bar bututun ya huce,
na sha gahawa ɗaci-ɗaci, na tauna dabino biyu.

Sahu na uku.
Ɗaya.
Biyu, ramin nan dai.
Na uku ya ɗan lashi bakin ramin.
Na huɗu ya shige ta ƙofar 'yan'uwansa.
Mish'al ya ajiye ƙoƙon gahawa a hankali, bai ce uffan ba.

A nan zuciya ta riga ni tashi.
Ta ruga ta ciro takardar,
ta kai ta gida, ta manna a bango,
har ta kira Sa'adu a waya tana dariya,
ni kuwa ina kwance, yatsa a kan kunama.
Na saki na biyar numfashi bai zauna ba.

Ya faɗa gefe, tsawon ɗan yatsa, shi kaɗai,
kamar wanda ya makara ya tsaya bayan sahu.

"Iska ce," in ji Mish'al.
Muka dubi tutoci tare. Ko gezau.
"To, albarushin ne. Baƙo ai sai a hankali."

Na buɗe ɗan littafina mai tabon mai,
na sa kwanan wata, na sa zafin gari, na sa awo.
A gurbin dalili alƙalami ya tsaya.
Albarushi ba shi da bakin musu,
duk abin da na ɗora masa zai ɗauka,
kuma laifi tudu ne, na san inda nake tsaye.
Na rubuta: huɗu nasa, na biyar nawa.

Saura biyar a akwati.
Rana ta hau, kawalwalniya ta fara rawa da takarda,
ba zan tambayi baƙo komai cikin wannan zafi ba.
Asabar mai zuwa, in da rai.

A gangare na buɗe gilashin mota.
Wani yana dafa wardi a bayan katanga,
yatsuna suna warin hayaƙi.
Na kai su hanci,
sai na janye.